Wace manhaja za ka sa a Linux don shiga VPN na wurin aiki?

Kafin ka sauke komai, tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku wace irin VPN suka kafa, wato amintacciyar hanyar da kake bi ta intanet ka shiga kwamfutocin ofis daga nesa. Amsarsa ita za ta rage maka rabin wahala.

Ni dai OpenConnect ce tawa, ba na ɓoyewa. David Woodhouse ya rubuta ta don shiga sabar Cisco AnyConnect, daga baya aka ƙara mata VPN na wasu kamfanoni: GlobalProtect, Pulse, Fortinet da F5. Tana nan cikin rumbun manhajojin Debian, Ubuntu da Fedora, kyauta, kuma tana sabuntuwa tare da sauran tsarin. A Ubuntu, da ka sa network-manager-openconnect-gnome, sai ta fito a saitin intanet kusa da Wi-Fi, ka danna ka shiga. Abin da ya ɗaure ni gare ta shi ne DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa na intanet. Wata manhaja da aka taɓa ba ni a wurin aiki ta sauya mini fayil ɗin /etc/resolv.conf mai riƙe da saitin DNS, ta katse ba ta mayar ba. Saura minti goma taro, ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Tun ranar, wannan nake fara dubawa. Gaskiya OpenConnect tana da rauninta: idan ofis yana tura ka burauza don shiga, ko yana binciken lafiyar kwamfuta, wani lokaci dole ka koma manhajar kamfanin.

Akwai wasu nau'ikan VPN kuma: WireGuard tana da sauri, tana cikin Linux tun siga ta 5.6 a 2020, amma sai ofis ya kafa ta. OpenVPN ta isa idan an miƙo maka fayil ɗin saitinta na .ovpn. PPTP kuwa an fasa tsaronta tun 2012, ka rabu da ita.

Jabun manhajoji sun fi komai tayar mini da hankali. Ka bincika sunan VPN, sai talla ta fito a sama da tambari iri ɗaya sak. Ka sauke, ka rubuta kalmar sirrinka ta aiki, shi ke nan ka miƙa wa ɓarawo makullin ofis da hannunka. Kada ka kwafi umarni mai sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfutarka, daga shafin da ba ka sani ba. Idan kuma manhaja ta yi gargaɗi cewa takardar shaidar sabar ba ta inganta ba, dakata. Kira mai kula da ku, ya karanta maka lambar shaidar, ka gwada ta da wadda ke allonka harafi bayan harafi.