Awon ciki a CSI na Maradi: me mace mai sida ke samu a lokacin sauro?

Awo kyauta ne a Nijar tun 2006, kuma zuwan farko a CSI, wato asibitin unguwa, na garin Maradi abin yabo ne: a buɗe karne, a yi gwajin sida, a ba da sange. Wadda gwaji ya nuna tana da cutar, ba a ɓata lokaci wajen ɗora ta kan magani.

Inda sai an sa ido shi ne teburin Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki. Ƙa'ida ita ce ƙwaya 3 lokaci guda a gaban ungozoma, daga mako na 13, wata guda tsakani, aƙalla sau 3. Amma mai shan kotirimokzazol kullum, wato Bactrim da ake ba masu sida don kariya daga wasu cututtuka, ba a ba ta Fansidar. Dangi ɗaya ne, haɗa su na iya sa fata ta saɓule, baki ya yi gyambo. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa, ga kishiya ko maƙwabciya a kan benci, wa za ta buɗe baki ta ce tana shan wani magani? Ta haɗiye ta yi shiru. A nan aikin ke da rauni, kuma rashin sirri ne, ba rashin sani ba. Tambayar nan a cikin ɗaki ya kamata a yi ta, ƙofa rufe.

Ana yawan cewa mai cikin fari ce zazzaɓi ya fi kamawa, don ƙwayoyin cutar na maƙalewa a mabiyiya, kuma jiki sai ya yi ciki ɗaya ko biyu yake koyon yaƙarsu. Sida na rushe wannan garkuwar. Uwar 'ya'ya biyar ma ta koma kamar sabuwar amarya. Gwajin zazzaɓi na yatsa na iya cewa babu, alhali mabiyiya cike take. Sai dai a ga jini ya ragu, jariri ya zo ƙasa da kilo 2.5. Daga Agusta zuwa Oktoba, ko ɗumin jiki ne kada a jira ranar awo.

Ɓangaren jariri ya fi tsari: siron nebirafin, mai kare shi daga sida, daga haihuwa, kotirimokzazol da gwajin PCR, mai gano ƙwayar sida kanta, a mako na 6. Gwajin gaggawa ba ya yanke hukunci kafin wata 18, don garkuwar uwa yake gani a jinin yaro. A karɓi lambar wayar da ke aiki, domin sakamakon PCR kan yi jinkirin dawowa.