Kan kibiya mai buɗewa ko tsayayye? Da baka mai fam 50, ɗauki tsayayye

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wane kan kibiya za ka saya don farautar barewa: mai buɗewa, wanda kaifinsa ke buɗewa in ya bugi dabba, ko tsayayye, wanda kaifinsa ba ya motsi. Tunda bakanka mai taya fam 50 kake ja, kuma bana ce farautarka ta farko a nan jihar Ohayo ta Amurka, sayi tsayayyen kai mai nauyin giren 100 (giren shi ne ma'aunin da ake auna nauyin kan kibiya da shi) ka huta. Mai buɗewar nan ka bar wa masu jan fam 65 zuwa 70.

Ni tsayayyen kai mai suna G5 Montec nake ɗaura wa kibiyoyina, shekara ta shida ke nan. Ƙarfe ne guda, kaifi uku, babu kusa babu roba, ba abin da zai kwance. Wata Asabar a farkon Nuwamba, ina bisa bishiya tun bayan asuba, sanyi ya kangarar min da yatsu, sai ga barewa ta ɓullo ta gefen gonar masarar da aka girbe, tana tafe tana kaɗa kunne. Na ƙyale ta sai da ta ba ni haƙarƙari a yadi 18, na yi bisimilla na saki. Kibiyar ta shiga bayan kafaɗa, ta keta huhu biyu, ta fita ta kafe a ƙasa. Ina kallo ta faɗi, ko yadi 60 ba ta yi ba. Na sauko na zare kibiyata, da dare na wanke kan na goga shi a dutsen washi, ya koma kwari, har yau yana ciki. Dambun naman da uwargida ta yi kuwa, sai da muka kai Janairu muna ci.

Mai buɗewa sau ɗaya na saya. Ba zan ci haƙƙinsa ba: yana tashi kusan daidai da kan gwaji (kai mara kaifi da ake koyon harbi da shi), kuma in ya buɗe yakan yi rauni mai faɗin inci 2, jini ya zuba yadda bin sawu ba zai ba ka wahala ba. Sai dai ƙarfin kibiyar yake ci kafin ya buɗe, kai kuma ba ka da na zubarwa. Nawa ya gamu da ƙashin kafaɗa ya tsaya, na yini biyu ina bin ɗigon jini ban ga dabbar ba. Sauran biyun kyautar da su na yi.

Aibin tsayayye ɗaya ne, ba ya rufa wa baka asiri. Kaifin nan nasa kamar fuka-fuki yake a goshin kibiya, in saitin bakan ya ɗan karkace, sai ka ga kan gwaji ya faɗa tsakiya, shi ya yi hannun hagu. Mutane da yawa a nan suke zagin kan, alhali laifin bakan ne. Ka kai shi shagon maharba tun Yuli ko farkon Agusta, don da Satumba ta kama layi ne sai ka ce gidan mai. Su duba tsirkiya, in ta fara gashi a canza, sannan ka harba kibiya ta cikin takarda su gyara mazaunin kibiyar har hujin ya fita tsaf. Kowace kibiya kuma, bayan ka ɗaura mata kai, ka juya ta a kan tsininta bisa tebur. Wadda ta yi rawa a ajiye ta gefe.

Ware tsayayyen kai ɗaya don gwaji kawai, ka riƙa harbinsa a kan dunƙulen soso. Buhun nan na gwaji ba ya son kaifi, zai yage kuma kan ya maƙale. Ni kibiya ɗaya nake harbawa kowace safiya kafin in fita aiki, jiki bai ɗumama ba, domin barewa ba za ta tsaya ka gyara ta biyu ba. Da lokaci ya matso ka sa rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, ka hau sama da ɗamarar tsaro, ka sunkuya daga ƙugu ka yi harbi ƙasa. Hannun rigata ya taɓa kama tsirkiya, gara da a bayan gida abin ya faru. Asabar ta ƙarshen Satumba ake buɗe farautar barewa da baka, dokar jihar kuma fam 40 ne mafi ƙaranci, kai mai kaifi aƙalla biyu, faɗinsa kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci. Dafin da kakanninmu ke shafa wa kibiya, a nan laifi ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan intanet. Kai uku na gaske wajen dala 40 ne a shago, sai ka ga wani ya sa shida a kuɗin da bai kai rabin haka ba, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Jabu ne. Wani abokina ya kawo min irinsu, na danna tsinin ɗaya a katako ya lanƙwashe kamar cokalin shayi. Je ka shago, ka buɗe kwalin a gabansu, ka gwada kaifin a gashin hannunka kafin ka biya.