Jitata ta shiga situdiyo da murya, ta fito da mura

Tun da na dawo ake damuna a WhatsApp da tambaya ɗaya: yaya aikin sabon situdiyon yaron nan da ya dawo daga Kano, a je ko kada a je? Ba zan kama suna ba, 'yan yankinmu sun san shagon, sun kuma san abin da yake karɓa a zama ɗaya. Ni dai kuɗin riɗina na bana can suka tafi, saboda haka ina da bakin magana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ba mawaƙin fiyano ba ne. Jitar lantarki nake kaɗawa, irin kiɗan Abzinawan Agadas, wanda na koya a hannun wani Ba'abzine da ke sauka kusa da gidanmu duk ranar Alhamis idan ya zo cin kasuwar Maigatari. Jitata 'yar gwanjo ce, kwaikwayon Stratocaster ɗin da kamfanin Fender ya fitar a 1954, mai fikof uku sirara, wato 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sautinta. Amfilifayata kuwa ƙaramar akwati ce mai wat 15 da sifika inci 8, wadda take aiki da batir. Takardar sifikar ta tsage kaɗan a gefe tun bara, na liƙe ta da gam da ƙyallen tsohuwar atamfa. Idan na murɗa ta har ƙarshe sai ta riƙa wani gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya. Saboda gurnanin nan ake gayyatata biki har ƙauyukan Babura.

Ranar farko da na shiga da amfilifayar a kafaɗa, Injiniya, wato yaron mai situdiyon, ya dube ta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Yaya, wannan akwatin ka ajiye shi a waje kawai. Duk amfilifayar duniya tana cikin kwamfutar nan, har Marshall." Na ce to, kai ne gwani. Ya karɓi wayar jitar ya soka ta kai tsaye a miksa, na'urar da ke haɗa sautuka, a ramin da yake soka fiyanonsa. Na kaɗa. Wallahi da aka sake min abin da na kaɗa sai na juya ina neman wanda ya shigo. Ba jitata ba ce. Sautin ya toshe, ya yi laushi, kamar mai mura yana magana ta hanci da bargo a ka. Ƙarar nan mai kaifi da ke fita idan farce ya taɓa siririyar tsirkiya, babu ita sam.

Daga baya ne wani ɗan'uwa mai gyaran rediyo a Gumel ya warware min dalili. Fikof ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, wutar da yake fitarwa kuma 'yar mitsitsiya ce. Ramin amfilifayar jita an yi shi ne da juriyar kusan om miliyan 1 don kada ya shanye wannan 'yar wutar. Ramin miksa na fiyano juriyarsa ba ta wuce om dubu 10 zuwa 20 ba, sai ya danne fikof ɗin, abin da ke fara mutuwa kuwa shi ne saman sautin. To a lokacin ban san wannan ba, shi ma Injiniya ga alama bai sani ba, domin maganin da ya kawo shi ne ya ɗora wa sautin wata manhajar kaushi a kwamfuta. Sai murar ta koma ƙudan zuma a gwangwanin madara. Zzzzz, babu nama, babu ƙashi. Nan ma akwai dalili: sifikar jita ba ta iya fitar da abin da ya haura kamar hez dubu 5, ita ke tace ƙaiƙayin kaushin ta bar tsabar. In ka cire ta daga hanya, ba ka kuma sa abin da zai kwaikwaye ta ba, ƙaiƙayin duk a kunnenka zai zuba.

Ga kuma ƙugi. Shagon da sola yake aiki, inbatar kuma irin mai arhar nan ce, tana nan ƙarƙashin tebur dab da ƙafata. Fikof sirara kamar eriya suke, duk wata wuta da ke kusa sai sun kwaso ta. Da na saki tsirkiya sai ka ji "huuuum" ya cika ɗakin. Wannan matsalar ce ta sa wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya ƙera fikof mai naɗi biyu masu kashe ƙugin juna, wanda aka fara sa wa jitarsu ƙirar Les Paul a 1957. Ni ba ni da irinsa. Haka muka yini, ya ce in juya gabas, in juya kudu, in ɗaga wuyan jitar sama, kamar mai neman sabis a ƙauye. La'asar ta yi ban ɗauki ko baiti ɗaya da zan iya jiyar da matata ba. Na hau babur na koma gida raina a ɓace, na riga na gama tsara irin tsiyar da zan rubuta a nan.

Kashegari na dawo da niyyar karɓar rabin kuɗina. Sai na tarar da shi a bakin shago yana jirana, ya ce, "Yaya, jiya ban yi barci ba, na yi ta kallon yadda Turawa ke yi. Ka yi haƙuri, ɗauko akwatin nan." A nan ne yaron ya burge ni, gaskiya ɗaya ce. Ba kowane mai situdiyo ne zai ce ya yi kuskure a gaban yaransa ba.

Ya kashe inbata gaba ɗaya, kwamfutar ta koma kan batirinta, amfilifayata a kan nata. Ƙugin nan ya ɗauke ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke. Sannan ya ce shagon siminti ne da rufin kwano, sauti yana dukan bango yana dawowa da ƙarar ƙarfe. A jikin shagon akwai wani tsohon zaure na ƙasa mai rufin azara, na wani dattijo da ke sayar da goro. Muka je muka durƙusa muka gaishe shi, Injiniya ya ce, "Baba, aron zaurenka muke so na awa biyu." Ya ce, "Ku shiga 'ya'yan nan, amma in an kira azahar ku kashe min garayar Nasaran nan." Muka ja doguwar waya ta taga. A ciki akwai buhunan zoɓo guda shida jingine da bango da tabarmi biyu a naɗe, muka ɗora amfilifayar a kan turmi da aka kife.

Sai ya fito da makirufo, Shure SM57, ko dai ɗan'uwansa na jabu, Allah masani. Na asalin tun 1965 ake yin sa, kuma shi aka fi kafawa a gaban sifikar jita a manyan situdiyon duniya. Abin da ya biyo baya shi ne ya cinye min hankali. Ya sa abin ji a kunne, ya tsuguna a gaban akwatin da tocilan yana haska cikin ragar don ya ga tsakiyar sifikar, ya ce in yi ta maimaita gaɓa ɗaya kada in tsaya. Ya saita bakin makirufon daidai cibiyar sifikar: sauti ya fito da kaifi har yana sukar haƙori. Ya matsar da shi faɗin yatsa biyu zuwa gefe: kaifin ya ragu, jiki ya shigo. Ya kai shi can baki wajen da na liƙe da atamfa: sai duhu da gurnani, har kana jin ƙyallen yana karkarwa. Ya ja shi baya kamar taƙi ɗaya: sai ga zauren Baba ya shigo cikin sautin, wani ɗumi mai taushi da ban taɓa ji a filin biki ba. Jita ɗaya, hannu ɗaya, ban taɓa ko maɓalli ba, amma murya huɗu daban-daban. Kusan awa guda muka yi a kan faɗin yatsa. A ƙarshe muka tsaya tsakanin cibiya da liƙin, makirufon ya ɗan karkace.

Ni na ba shi labarin da malamina ya taɓa ba ni, cewa a Ingila a 1964 wani makaɗin jita, Dave Davies, da gangan ya sa reza ya tsaga takardar sifikarsa don ya sami irin wannan kaushin, kuma da ita aka ɗauki waƙar da ta fito da ƙungiyarsu. Na ce ka ga ni ban ma sayi reza ba, faɗuwa daga babur ta yi min kyauta.

Dabara ta ƙarshe ita ce ya sa na kaɗa gindin kiɗan sau biyu, ba kwafi ba, kaɗawa biyu daban. Ya tura ɗaya kunnen dama, ɗaya hagu, ya bar jitar da ke waƙa a tsakiya. Da yake hannun ɗan Adam ba ya maimaita abu daidai wa daida, 'yan bambance-bambancen nan sai suka buɗe sautin ya yi faɗi. Da ya ɗora min abin jin a kai, tsigar jikina ta tashi. 'Yar akwatin da ake ɗaurewa a bayan babur da roba ta koma kamar bango guda. Baba ma ya leƙo ya saurara, ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe abin yana magana." Na roƙi Injiniya ya tura min wannan ɗanyen a memori kafin in tafi, ya ce ba a ba da aikin da ba a gama ba, amma ya tura. A ranar da za a ce in ba shi maki, ɗari bisa ɗari zan ba shi, har na ƙara masa na shan ruwa.

To, bayan kwana tara sai ga gamammen aiki ta WhatsApp. Ina gona na buɗe. Fiyano ne ya fara tarbata, fiyanon da ban ce a sa ba, da gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin fim. Muryata an ja ta da otatun, manhajar gyara murya, har tana rawa kamar ta aljani. Jitar da muka yi awa guda muna tsugune a kanta an tura ta can baya, kamar baƙon da aka ba tabarma a bakin ƙofa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wutsiyar sautin. A kiɗanmu idan ka ja tsirkiya ka sake ta, kukan da take yi tana mutuwa a hankali shi ne kiɗan. Shi kuwa ya sa wata manhaja mai rufe ƙofa da zarar sauti ya yi ƙasa, wai don share datti, sai kowace wutsiya aka datse ta kamar da almakashi. Gurnanin liƙin atamfar ma ya goge shi, wai ya ɗauka lalacewa ce. Mutumin da da hannunsa ya kai makirufo wajen!

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, kasuwa nake duba maka. A waya za a ji waƙar nan, sifikar waya kuma ɗaya ce, dama da hagun nan duk haɗewa za su yi. Kuma ko Mdou Moctar, makaɗin jitar Abzinawan nan da kake ji da shi, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da otatun ɗinsa da gangar kwamfuta." Wannan gaskiya ne, ban musa ba, kuma ta memori da bulutut waƙoƙin suka zagaye Sahara. Amma shi da kansa ya zaɓa. Ni ba a tambaye ni ba.

Na ce to a mayar min da shi yadda yake a zaure. Sai ya fara inda-inda. Ashe kwamfutar ta cika, ya goge ɗanyun layukan don ya ɗauki waƙar wani ɗan takarar kansila. Da na ji haka sai duk abin da na haɗiye ya taso min: awa ukun da na yi a benci ranar farko ana jiran rana ta cika batir, abokansa da ke shigowa suna musun ƙwallo ina tsakiyar ɗauka, murfin maɓallin jitata da ya ɓace a shagon har yau ba a gan shi ba, da kuɗin man babur na zuwa biyu. Kunne yana da shi, wannan ba na ja. Wanda zai yi waƙar fiyano ko ta siyasa ya je, zai ji daɗinsa. Mai jita kuwa ya tafi da amfilifayarsa komai tsufanta, ya tafi da filashinsa, kada kuma ya bar yaron nan shi kaɗai da aikin ko na dare ɗaya.

Ya ce in dawo ranar Asabar a sake ɗauka kyauta, ban amsa ba tukuna, don an ce Baba ya sayar da buhunan zoɓon, zauren yanzu wayam yake. Ɗanyen nan na memori shi na kai wa mai tura waƙoƙi a tasha. Akwai tarin Baba a minti na biyu, ana kuma jin akuya a ƙarshe. Shekaranjiya na ji shi yana tashi a wayar wani ɗan acaɓa da ban sani ba, a hanyar Gumel.