Kwalba ɗaya, mutum goma: yadda na yi allurar korona a ƙaramin asibiti

Allurar kanta ba ta ɗauki daƙiƙa biyar ba. Jiranta ne ya cinye mini kusan awa uku, kuma a kan wannan jiran yawancin ƙorafina yake. In aka tambaye ni ko a je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a yi rigakafin korona, zan ce a je. Ni kaina na yi zagaye biyu a can a 2021, na kuma kai mahaifiyata. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya baro gida, waɗanda ni ba wanda ya gaya mini.

Ba na cikin waɗanda suka yi rububin zuwa. Tun ranar 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya nake bin labarinta, kuma da aka fara yi wa jama'a allurar Pfizer a Ingila ranar 8 ga Disamba na wannan shekarar, abin da ya fara zuwa raina shi ne: anya kuwa? Rigakafin da muka saba ji yakan yi shekara da shekaru kafin ya fito, wannan ko shekara bai cika ba. Daga baya na fahimci ba daga tushe aka faro aikin ba. Masu binciken Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Farfesa Sarah Gilbert, dama suna kan haɗa rigakafin MERS, wadda ita ma dangin korona ce, da irin dabarar da suka juyo da ita kan sabuwar cutar. Hankalina ya ɗan kwanta. Sai kuma a Maris 2021 aka shiga maganar daskarewar jini a jikin wasu da aka yi wa ta AstraZeneca, wato wannan ta Oxford ɗin, ranar 7 ga Afrilu hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce akwai yiwuwar alaƙa, duk da cewa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Denmark ma ta daina amfani da ita ɗungurungum. Ga shi kuma a lokacin ita ce kaɗai a asibitinmu.

Abin da ya tura ni Inna ce. Ta haura saba'in, tana da ciwon suga, irin mutanen da cutar ta fi kayarwa ke nan. Ni kuma ina fama da hawan jini. Na ce bari in fara miƙa nawa hannun, in na ga yadda jikina ya karɓa sai in kai ta.

Na isa wajen ƙarfe takwas na safe, a ƙarshen watan Afrilu. A bakin ƙofa an auna zafin jikina a goshi, an sa na wanke hannu, wanda bai zo da takunkumi ba an mayar da shi ya nemo. Nan ba ni da ta cewa. Rajista ma ba ta yi tsawo ba: katin shaida, lambar waya, ranar haihuwa, sannan tambayoyi. Kana da zazzaɓi yau? Wata allura ko wani magani ya taɓa tayar maka da borin jini? Kana shan maganin tsinka jini? Wanda ke shigar da bayanan a waya ya sha fama da intanet, amma cikin minti ashirin an gama da ni, aka nuna mini benci.

A bencin nan aka manta da mu. Mu bakwai ne. Tara ta yi, tara da rabi ta wuce, nas-nas suna shiga suna fita, ba wadda ta dube mu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tare ɗaya ya ce, "Sista, lafiya dai ko?" Ta ce, "Baba, a ƙara haƙuri," ta wuce. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani saurayi ya fara raɗa cewa shi ya ji ta manya daban ce, tamu ce ake jira a kawo. Wata mata ta ce ita dama mijinta bai so ta zo ba. Kafin ƙarfe goma su biyun sun sulale, muka koma biyar.

Sai wajen goma da rabi wata nas, babbar mace mai gilashi, ta fito ta tsaya a gabanmu ta yi bayanin da ya kamata a yi tun takwas. Kowace kwalba, in ji ta, ta mutum goma ce. Da zarar an huda ta, dole a ƙarar da ita cikin awa shida, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalaben da aka ba su ƙidayayyu ne, don haka ba sa buɗewa sai mutum goma sun taru. Shi ke nan fa. Dalili ne mai kyau, wanda ko ni ne a kujerarsu haka zan yi. Amma dubi abin da shirun ya jawo: mutum uku muke jira, rashin bayani ya mayar da su biyar. Waɗancan biyun da suka tafi, ban san ko sun taɓa dawowa ba, kuma na tabbata labarin da suka kai gida ba na kwalba mai mutum goma ba ne.

Wannan nas ɗin ita ce ta fanshi asibitin a idona. Da muka cika goma, kusan sha ɗaya, ta buɗe akwatin sanyi a gabanmu, ta ciro kwalbar daga tsakanin ƙanƙara, ta nuna wa kowa suna da ranar da wa'adinta zai ƙare. Na tambaye ta me ya sa ba su da ta Pfizer. Ta ce waccan sai an adana ta a sanyin da ya kai kusan digiri 70 ƙasa da sifili, ita kuwa wannan firji na yau da kullum ya ishe ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, shi ya sa ta fi isa ƙananan asibitoci irin nasu.

Da layi ya zo kaina na yi tambayar da na taho da ita. Na ce, "Sista, maganar daskarewar jinin nan fa?" Na zaci za ta ce ƙarya ce, kamar yadda wasu ma'aikata ke yi don su sallami mutum. Sai ta ajiye sirinjin ta ce, "Malam, gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma an fi ganinsa a masu ƙananan shekaru. Ita korona da kanta ta fi wannan allurar daskarar da jini nesa ba kusa ba." Sannan ta lissafo mini abin da zan sa wa ido daga kwana na huɗu zuwa kamar mako huɗu: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji ko ciwon ciki da ya ƙi lafawa, kumburin ƙafa, ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata nesa da inda aka soka allurar. Ta ce in na ga ɗaya daga ciki kada in tsaya dawowa wurinsu, in nufi babban asibiti kai tsaye, in gaya musu ranar da aka yi mini allura. Abin mamaki, jin haɗarin daga bakinta shi ya sa na miƙa hannu da zuciya ɗaya. Da ta musanta, da na tashi.

Ta farke sabon sirinji a gabana, ta zuƙo rabin mililita, ta soka a damtsen hagu. Cizon sauro ma ya fi shi zafi. Sirinjin ya tafi cikin kwalin zubar da allurai nan take.

Bayan nan akwai zaman minti 15, saboda in jiki zai yi mummunan bori, a wannan ɗan lokacin ya fi yi. Na leƙa teburin na tambaya, ta nuna mini allurar adirenalin da suka tanada don haka. Madalla. Amma ba wanda ke duba agogo, ba wanda ke lura da wa ya zauna wa ya tafi. Mutum uku a cikinmu daga kujerar allura ƙofa suka nufa, ba wanda ya ce musu kanzil. Kuma benci ɗaya ne da na masu jira, kafaɗa da kafaɗa, a ƙarƙashin hoton da ke cewa a ba da tazara.

Katin da aka ba ni yana ɗauke da sunan allurar, lambar rukuninta, ranar da aka yi da ranar dawowa. A duba shi kafin a bar wurin. Ni shekarar haihuwata aka rubuta ba daidai ba, sai da na isa gida na lura, gyaranta kuma ya ci mini wata tafiyar.

Da rana lafiya lau, har na fara yi wa kaina dariya. Wajen sha ɗayan dare jiki magayi ya yi magana. Sanyi ya rufe ni har haƙora na haɗuwa, gaɓoɓi kamar an yi mini duka, kai ya yi nauyi. Na sha farasitamol kamar yadda Sista ta ce, na sha ruwa da yawa, na lulluɓa. Washegari ban iya zuwa aiki ba, don haka wanda aikinsa na ƙarfi ne ya zaɓi ranar da gobenta hutu ce. Zuwa yamma zazzaɓin ya sauka, damtsen ne ya yi kwana uku yana tsami, ba na iya kwanciya ta hagu.

A daren nan maiɗakina ta tsorata, ta ce ai cutar suka sa mini. Ba haka ba ne, kuma wannan ma bayani ne da ya kamata a ce asibitin na yi wa kowa. Babu ƙwayar korona a cikin allurar. Wata ƙwayar mura ce ta birin cimfanzi, wadda aka kassara ta yadda ba za ta iya hayayyafa a jikin mutum ba, aka ɗora mata saƙon yadda ake ƙera ƙayoyin nan da ke jikin korona, waɗanda take maƙale wa ƙwayoyin jikinmu da su. Jiki ya ƙera ƙayoyin, garkuwar jiki ta gan su ta ɗauke su baƙi, ta yi shiri. Zazzaɓin hayaniyar wannan shirin ce. Wanda bai yi zazzaɓi ba kuma ba ya nufin tasa ba ta kama ba. Shi kuwa ƙaramin ɗana, da ya ji ana cewa hannun wanda aka yi wa allura na kama ƙarfe, sai da ya zo da makulli ya manna mini a damtse. Ya faɗi ƙasa sau uku kafin ya haƙura.

Bayan kwana goma na kai Inna. Wannan karon na san dawar garin: ban yi sammako ba, sai wajen goma muka isa, lokacin da mutane sun taru. Aka ba ta kujera, aka fara da ita. Nas mai gilashin nan ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi ko ta sha maganin sugarta, ta ce, "Inna, kawar da kai, yanzu za a gama." Inna ba ta yi ko ɗumin jiki ba, ciwon hannu kawai, har tana yi mini gori cewa yaran yanzu ba su da ƙwari. Dama an lura tsofaffi sun fi samun sauƙin laulayin wannan allurar.

Zagaye na biyu ne ya sake ɓata mini rai. An rubuta mini in dawo bayan mako goma, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta a bar tazarar mako 8 zuwa 12. Na je ranar, aka ce allura ta ƙare. Ba laifinsu ba ne. Kamfanin Serum Institute na Indiya shi ne a lokacin yake samar da kaso mafi tsoka na abin da COVAX, shirin raba wa ƙasashe allurar korona, yake rabawa, kuma da nau'in korona na Delta ya yi wa Indiya kaca-kaca a watannin Afrilu da Mayu, ƙasar ta tsayar da fitar da allurar waje. Wurare da yawa sun shiga wannan halin. Laifinsu shi ne suna da lambar wayata a rubuce tun ranar farko, amma ko saƙon layi ɗaya ba su turo ba. Na bar aiki, na zo, na koma. Sai bayan mako uku, shi ma wani maƙwabci ne ya gaya mini an kawo. Na tambaya ko jinkirin ya ɓata ta farko, aka tabbatar mini ba sai an sake daga farko ba. Ta biyun kuwa ko kwanciya ban yi ba, ɗan kasala ce ta yini ɗaya.

In da maki ake bayarwa, bakwai cikin goma zan ba su. A wajen tsabta, adana allura a sanyi da iya soka ta ban ga aibu ba, kuma waɗannan su ne abin da ke taɓa lafiyar mutum kai tsaye. Ukun da na rage duk na magana ne: ba a gaya wa mai jira abin da yake jira, ba a tsare mutum ya cika minti 15 ɗinsa, ba a kira in kaya sun yanke. Gaskiyar da na samu ma daga bakin mace ɗaya na same ta, don na yi sa'ar faɗawa hannunta kuma na yi tambaya. Dattijon da ke gabana wata ce ta yi masa, ba a ce masa komai ba sai "an gama, Baba." Nas mai gilashin nan ce kuma ta ja mini kunne kada in jefar da takunkumi: kariya ba ta kankama sai bayan kamar mako biyu, kuma babban aikin allurar shi ne hana cutar kai mutum gadon asibiti ko kabari, mai allura na iya kamuwa har ya shafa wa wani.

Ranar da na karɓi ta biyu na roƙi shugaban wurin abu ɗaya: su rubuta a takarda da manyan baƙaƙe cewa kwalba ta mutum goma ce, ba a buɗewa sai an cika, su manna a inda ake jira. Ya ce shawara ce mai kyau, za a duba. Da na kai Inna tata ta biyun na ɗaga kai na dubi bangon. Hoton ba da tazara ne kawai a wurin, rana ta ƙoɗar da shi, ga mutum shida a kan benci suna ta duban ƙofa.