Motar lantarki ta tsohon kamfani: sunan ya kai kuɗin da ake nema?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, masu ɗan hali a Kaduna suka fara leƙen motar lantarki. Tambayar da suka fi yi kuwa ita ce: in zan saya, in ƙara kuɗi in ɗauki ta Toyota ko Hyundai ko Mercedes ko Volkswagen, ko kuwa in rufe ido in ɗauki 'yar China mai sauƙin farashi?

Mutumin Kaduna yana da hujjar dogaro da suna. A Kakuri aka fara haɗa Peugeot a 1975, kuma iyayenmu sun ga yadda 504 take shekaru tana jigila ba ta gaza ba. Da Toyota ta karɓe kasuwa, dalilin bai canja ba: inji mai juriya, kayan gyara jibge a Panteka, kowane bakanike ya san cikinta. Wato abin da muke kira suna, inji ne da giya da sauƙin gyara. To motar lantarki ba ta da injin mai, ba fulogin inji, ba baƙin mai, ba salansa. Abin da ya fi komai tsada a jikinta batir ne, shi kuwa sau da yawa wani kamfanin ne ya ƙera shi. Toyota bZ3 da ake sayarwa a China batirin kamfanin BYD na China ne a cikinta. Hyundai Kona mai lantarki ta farko da batirin kamfanin LG ta fito. Gwanintar da tsofaffin kamfanoni suka yi shekaru aru-aru suna tarawa a kan inji, kaɗan ce daga cikinta ta biyo su zuwa wannan sabuwar sana'a.

Sun kuma yi tuntuɓe. A 2021 Hyundai ta janye motoci kimanin 82,000, yawancinsu Kona, don a sauya musu batir saboda haɗarin gobara. A 2022 Toyota ta janye bZ4X wata biyu kacal da fitowarta, saboda ƙafa na iya kwancewa ana cikin tafiya. Sai dai a nan ne ma ake ganin amfanin babban kamfani: ya amsa laifinsa, ya gyara da kuɗinsa. Abin da ƙarin kuɗinka yake saya maka ke nan, wanda za ka riƙe in abu ya ɓaci. Don haka kafin ka tambayi tambarin da ke gaban motar, tambayi ta wace hanya ta shigo Najeriya.

In sabuwa ce daga hannun dilan da kamfanin ya amince da shi, da takardar garanti mai aiki a ƙasar nan, to akwai magana. Yawancin manyan kamfanoni suna ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Kona ɗin da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas, aka ƙaddamar a Nuwamban 2020, batirinta kilowat-awa 64 ne, wato yana ɗaukar yunit 64 na wuta, kuma an ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 482. Rage wani abu daga wannan adadi, domin a zafin Maris da Afrilu da na'urar sanyaya ciki a kunne, ga gudu a babban titi, ba za ka ga haka ba. Duk da haka za ta kai ka Abuja, tafiyar kilomita 190 ko kusa da haka, hankali kwance. Zariya ka je ka dawo ba fargaba. Kano kuwa za ka isa, amma ka san inda za ka jona kafin ka juyo. Abin da za ka tsare dila da shi, a rubuce: in batir ya samu matsala, a wane gari garejinsu yake, wa zai biya kuɗin ɗaukar motar daga Kaduna zuwa can, kuma ma'aikacin da aka horar yana nan ko sai an kira shi daga Legas?

Inda aka fi yin asara shi ne a 'yar Beljiyam. Mutum ya saba sayen Camry ko Corolla da ta sha tafiya a Amurka, ya sauya mata mai da taya ta ƙara shekara 10 a hannunsa, sai ya ɗauka haka abin yake a nan. Ba haka ba ne. Batir yana tsufa ko da fenti na ƙyalli, kuma garantin da aka bayar a Turai ko Amurka galibi ba ya ƙetaro teku. Nissan Leaf, wadda ta fito tun 2010, tana cikin waɗanda suka fi araha a irin wannan kasuwa, amma batirin tsofaffinta ba shi da ruwan sanyayawa, kuma an daɗe da sanin zafi yana cin sa da wuri. Ta farkon ma kilowat-awa 24 ce tun tana sabuwa. Ka ƙiyasta abin da ya rage mata bayan shekaru, sannan ka ajiye ta cikin zafin rana a Kawo da azahar. Duk wadda za ka saya a hannu, kada ka yarda da abin da allon gaban direba ya nuna. A jona ta a kwamfuta a gabanka, a karanto lafiyar batirin a kan kashi ɗari. In dillali ya fara kame-kame, ko ya ce ai yanzu aka sauke ta daga jirgi, ka yi masa sallama.

Sai ka zagaya ka buɗe murfin wurin caji ka duba bakin. Na Turai daban, na Amurka daban, na China daban, na Leaf mai saurin caji shi ma daban. Akwai Volkswagen ID.4 da aka ƙera don kasuwar China, tambarin Jamus ne amma bakin cajinta na China, allonta ma wani lokaci da rubutun can yake zuwa. Ana samun mahaɗi, sai dai mai kyau yana da tsada, na banza kuma yana zafi. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta ma, domin batirin a shimfiɗe yake a can ƙasa. Kwarzane mai zurfi ko lotsawa a wurin ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda zai riƙa bin lungunan Rigasa ko Unguwar Mu'azu da damina.

'Yan China fa? Kada a yi musu kuɗin goro. BYD da batir ta fara tun 1995 kafin ta shiga ƙera mota a 2003, kuma a 2022 ta daina yin mota mai amfani da fetur zalla. Irin batirin da ta fi sakawa, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi da yawan caji, abin da ya dace da yanayinmu. A wannan fage ita ce tsohuwar hannu. Amma akwai ƙananan kamfanoni barkatai da ake shigo da motocinsu ɗai-ɗai, wasu ma sun rufe a can gida. Fitila ɗaya ta fashe, sai motar ta yi watanni a rufe da tamfol ana jiran saƙo.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ya kamata ya raba gardama. Matsakaiciyar motar lantarki tana shan yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, naira 225 kan yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa wajen 210. Ke nan kilomita 100 zai ci maka kimanin naira 4,000 in an haɗa da abin da ke salwanta wajen caji. Motar mai da ke shan lita 9 a wannan tazara, in lita tana naira 900, za ta ci 8,100. Rarar naira 4,000 ke nan. Mai yin kilomita 15,000 a shekara ya tsira da kusan naira 600,000, ban da kuɗin juyen mai. Abu ne mai kyau. Amma in ƙarin da ka biya don samun babban suna ya kai naira miliyan 10, sai ka haura shekara 15 kafin ka mayar, garantin batir kuwa ya ƙare tun a ta 8. Mai yawan zirga-zirga, irin ɗan kwangilar da ba ya rabo da hanyar Abuja, shi ne lissafin yake yi wa daɗi.

Duk wannan kuma in akwai wuta ne. Soket ɗin bango zai ɗauki fiye da awa 24 kafin ya cika batir irin na Kona daga ƙasa. Na'urar caji ta gida mai kilowat 7 tana yi cikin awa 9 zuwa 10, amma sai wayarin gidan ya iya ɗauka, kuma sai layinku na samun awa 20 ɗin da aka yi wa rukunin A alkawari. Kai ka fi kowa sanin halin layinku. In da janareton fetur za ka yi caji, ka manta da riba, domin man da zai sha ya kusa wanda mota za ta sha da kanta. Sola ce ke gyara zancen: mai yawo cikin gari kilomita 40 a rana yunit 7 yake buƙata, abin da faifai 4 masu wat 500 za su iya bayarwa, muddin motar tana gida da rana kuma ana share ƙurar hunturu daga kansu.

A ganina, babban suna ya cancanci kuɗinsa ga mutum mai tsayayyar wuta ko sola, mai mota ta biyu a gida, wanda zai sayi sabuwa daga dilan kamfani ya riƙe ta shekaru ba da niyyar sayarwa ba, tunda motocin lantarki suna saurin faɗuwa a kasuwar hannu. In gwanjo ce ba garanti, tambarin bai ƙara maka komai ba, gara 'yar China sabuwa mai wakili a ƙasa. Wanda kuma motarsa ɗaya tilo, da ita zai kai yara makaranta da ita zai je gaisuwa Birnin Gwari ko Kafanchan, ya duba mai haɗa batir da fetur. Toyota ta fara sayar da Prius tun 1997, a wannan ɓangare sunanta ya ci kuɗinsa, kuma ba ta buƙatar a jona ta a bango.