Tiram T1 na Istanbul ga wanda ya sauko daga jirgin ruwa

Jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zuwa Istanbul, wadda kakanninmu ke kira Santambul, a Galataport suke tsayawa. Tasha ce da aka buɗe a 2021, ta miƙe a bakin ruwa tsawon kilomita 1.2 daga Karaköy zuwa wajen Fındıklı, kuma duk harkar fasfo da kwastam da ɗaukar kaya a ƙarƙashin ƙasa ake yin ta. Mutum na fitowa sama zai ci karo da masu tasi, da masu tallar motar zagaya gari, da 'yan kamasho masu riƙe da hotunan masallatai. Bayansu kaɗan, a tsakiyar titi, layin dogo ne na tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari, mai lamba T1. Shi ne abin da ya fi kowanne amfani ga mai awa shida ko takwas a gari, muddin hannunsa babu akwati.

Layin ya tashi daga Kabataş ya ƙare a Bağcılar, tasha 31, kusan kilomita 19, yana aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 12 na dare. Baƙo ba ya buƙatar ko rabin wannan. Tashar da ta fi kusa da mafitar fasinjoji ita ce Tophane, tafiyar minti biyar zuwa goma a ƙafa. Alamarta ba ta ɓata: masallacin Nusretiye mai siraran hasumiyoyi biyu, da kuma na Kılıç Ali Paşa wanda Mimar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, ya gina a 1580. A nan sai a tsaya a gefen da aka rubuta Bağcılar. Jerin tashoshin kuwa ya kamata a haddace shi kamar karatun allo: Karaköy, Eminönü, Sirkeci, Gülhane, Sultanahmet, Çemberlitaş, Beyazıt, Laleli. Daga Tophane zuwa Sultanahmet tsayawa biyar ce, kimanin kwata na awa, kuma tiram ɗin na zuwa bayan 'yan mintoci kaɗan, babu zaman jiran a cika.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne sayen kati. Ba a biyan kuɗi a hannu, babu kwandasta. Ana shiga ne da Istanbulkart, katin roba da ake saya a na'urorin da ke bakin kowace tasha, waɗanda ake kira Biletmatik. A fara da canza harshen na'urar zuwa Turanci, a zaɓi sabon kati, a saka takardar lira. Na'urar za ta cire kuɗin katin kansa, ragowar ta zuba shi a ciki. Ba ta bayar da canji, saboda haka wanda ya zura mata lira 200, wadda ita ce takarda mafi girma a Turkiyya, duka ta tafi cikin katin. Takardar da ta tsufa ko ta yi laushi takan dawo da ita sau uku, sau huɗu, mutanen da ke baya suna ta gyaran murya. Wajen ƙara kuɗi kuma, a ɗora katin a kan farantin karantawa kafin a saka takarda, kada a ɗauke shi sai allon ya nuna sabon adadi. Masu gaggawa sukan fizge katin da wuri, su je ƙofa ta ƙi buɗewa.

Kati ɗaya yana isar miji da mata da yara: a taɓa, mutum ɗaya ya wuce, a miƙo katin baya, a sake taɓawa. Kuɗin shiga ɗaya ne ko tasha ɗaya za ka yi ko ashirin. Farashin yana hawa fiye da sau ɗaya a shekara saboda faɗuwar darajar lira, don haka abin da allon na'urar ya nuna a ranar shi ne magana, ba abin da wani ya rubuta a intanet bara ba. Lissafi mai sauƙi: kowane mutum a ware masa shiga huɗu zuwa biyar. Ƙofofin suna karɓar katin banki na taɓawa, amma ya fi tsada, kuma katin naira ba abin da za a jingina da shi ba ne a ƙasar waje. A canza dala ko yuro kaɗan a samu ƙananan takardun lira tun kafin a isa gaban na'ura.

Me ya sa ba tasi ba? Nisan bai kai ya kawo ba, kilomita uku da 'yan kai ne, kuma wannan kansa shi ne matsalar. Direban da ya yi awa yana jira a bakin tashar jirgi ba ya son gajeriyar tafiya a kan mita, sai ya yanka farashi da yuro. Ko an dace da mai kunna mita, gadar Galata da dandalin Eminönü wuraren gosulo ne, tiram na wucewa ta hanyarsa mota na tsaye. Sannan dandalin Sultanahmet a rufe yake ga motoci, za a sauke ka a gefe ka ƙarasa da ƙafa. Motar zagaya gari mai hawa biyu ita ma a cikin wannan cunkoson take kwana, ga tsada. Ta dace da wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi, yana son gani daga zaune, shi ke nan.

Amfanin T1 na gaske shi ne yadda ya jera manyan wurare kamar an zare su a tsarkiya ɗaya. Daga tashar Sultanahmet, gangara ce ta minti uku zuwa fili tsakanin Aya Sofiya, tsohuwar coci da ta zama masallaci, wadda aka gama ginawa a 537, da masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida. Tun Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo a Aya Sofiya yuro 25 yake biya, kuma bene kawai ake hawar da shi. Mai zuwa salla a lokacinta ƙofarsa daban ce, a ƙasa, ba a karɓar komai. Masallacin Sultan Ahmed kyauta ne, ana dai tsayar da masu kallo idan an kira salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Ga musulmi wannan ba cikas ba ne, dama ce: famfunan alwala suna jere a jikin bango, ka shiga da jama'a ka bar masu kyamara a layi. A tafi da leda don takalmi, mata kuma da mayafi.

Fadar Topkapı, ta sarakunan Daular Usmaniyya, tana bayan Aya Sofiya, kuma ita ce ke cinye lokaci. Ɗakin da aka ajiye kayan amana masu tsarki, waɗanda aka kawo bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, yana ciki: akwatin mayafin Annabi (SAW), takubban sahabbai, tsofaffin makullan Ka'aba, ga mai karatun Alƙur'ani yana yi ba ƙaƙƙautawa. Layin shiga ɗakin shi kaɗai yakan ɗauki rabin awa idan jirage biyu ko uku suka sauke mutane rana ɗaya. Kada lokacin da za a ware wa fadar ya gaza awa biyu da rabi. Ranar Talata a rufe take. Babbar kasuwa mai rufi, Kapalıçarşı, ita kuma Lahadi ce ba ta ci. Waɗannan ranaku biyu su ne suka fi ɓata wa mutane tsari, domin jirgi ba ya duba kalandar gari kafin ya tsaya. Idan Lahadi ce, kasuwar kayan ƙamshi ta Eminönü tana buɗe.

Akwai wata dabara da ta shafi tudu. Tsohon garin a kan tuddai yake, tiram ne ke yi maka hawan. Mai son ganin masallacin Süleymaniye, wanda Sinan ya kammala a 1557, kada ya fara daga Eminönü, hawan zai karya masa gwiwa. Ya sauka a Beyazıt, ya bi ta gefen jami'ar Istanbul minti goma a kusan miƙaƙƙiyar hanya, ya yi salla, ya leƙa farfajiyar baya inda ake hango ruwa da jirginsa a ɗaure can ƙetare, sannan ya gangaro ta lungunan 'yan tireda zuwa Eminönü. Tasha ɗaya gaba da Beyazıt kuwa Laleli ce, unguwar sarin tufafi da ofisoshin aika kaya da 'yan kasuwarmu suka daɗe da sani. Wanda ya shiga nan da niyyar minti talatin, sai dai Allah ya kiyaye.

Katin nan dai shi ne na jiragen fito. Daga Eminönü ko Karaköy zuwa Üsküdar ko Kadıköy, ɓangaren Asiya, kimanin minti 20 ne, ana sayar da shayi a ciki, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mai ɗan lokaci ya je ya dawo, ya ga fadar Topkapı da hasumiyar Galata daga kan ruwa, ya bar masu ihun yawon Bosforus, mashigin ruwan da ya raba garin biyu, a bakin gaɓa da tallarsu.

Aibin T1 cunkoso ne, kuma ba ƙarami ba. Tsakanin Eminönü da Beyazıt, daga hantsi har bayan magariba, mutum a tsaye yake, kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci sai tiram na biyu ko na uku kafin a samu wurin sa ƙafa. Nan ne kasuwar 'yan sane. Jakar goyo a dawo da ita gaba, waya da fasfo kada su kwana a aljihun baya, a fi kula lokacin da ƙofa ke buɗewa ana turereniya. A tafi can ƙarshen dandamali, tarago na gaba ko na baya ya fi sauƙi. Wajen dawowa a nemi gefen Kabataş, a kuma karanta rubutun goshin tiram ɗin, domin wasu ba sa kaiwa ƙarshe, a hanya suke juyawa. Ranar 1 ga Mayu da ranar gudun fanfalaki na Istanbul a watan Nuwamba akan datse wani sashe na layin. Idan haka ta faru, ƙafa ce mafita: daga Eminönü a haye gadar Galata, a bi dama, minti 20 zuwa 25 an isa Galataport. A kan gadar, idan mai wankin takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, wuce abinka. Tarko ne na neman ka ɗauko masa, ya goge maka takalmi na godiya, sannan ya nemi kuɗi.

Batun agogo ya fi duk waɗannan haɗari. Jirgi yakan rufe ƙofa rabin awa kafin tashi, kuma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Turkiyya ba ta canza agogo tun 2016, tana gaban Najeriya da awa biyu, a lokacin sanyi kuma tana gaban Girka da awa ɗaya, don haka wanda ya taso daga can ya tabbatar da wane lokaci jirgin ke aiki. A bar Sultanahmet saura awa ɗaya da rabi a rufe ƙofa, domin bayan tiram akwai binciken tsaro da doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa.

Wanda tafiyarsa ta ƙare a Istanbul, ya sauko da manyan akwatuna, lissafinsa daban ne. Ƙofofin tiram matsattsu ne, sai ta gefe mai faɗi wadda ma'aikaci ke kula da ita, cikin taragon babu wurin kaya, titunan Sultanahmet kuma daɓen duwatsu ne mai cin tayar akwati. Ko dai a kai kayan otal, ko a bar su a shagunan ajiya, waɗanda Turkawa ke kira emanet, wato amana, sannan a fita yawo hannu sake. Zuwa babban filin jirgin sama, mai nisan kusan kilomita 40, T1 ba ya kaiwa: sai a bi shi zuwa Kabataş, a hau jirgin F1 mai hawa tudu zuwa Taksim, a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa M2 zuwa Gayrettepe, sannan M11 na kusan rabin awa. Canji uku ke nan, kuma na Gayrettepe doguwar tafiya ce ta matakalai masu zurfi. Da ƙaramar jaka ɗaya ba laifi. Da akwati biyu da tsoho ko yara, bas ɗin filin jirgi na Havaist daga Taksim ko tasin da aka kira ta manhajar BiTaksi ta fi, a kuma ware awa ɗaya da rabi na hanya. Kafin komai a duba tikiti da kyau: IST, wato babban filin, yana ɓangaren Turai, SAW, wato filin jirgin Sabiha Gökçen, yana Asiya. Mai zuwa SAW ya ɗauki jirgin fito daga Karaköy zuwa Kadıköy, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa M4 har tasharsa ta ƙarshe, kusan minti 50.