Atamfa, shadda ko buhun tela: wane ƙyalle ya dace da bargon haɗe-haɗe?

Duk wadda za ta fara ɗinkin haɗe-haɗe, wato a yayyanka ƙyallaye a harhaɗa su su zama bargo ko zanen gado ko rigar matashi, keke take fara tambaya. Keke ba shi ne damuwa ba. Tsohuwar Butterfly ta ƙafa, irin wadda iyayenmu suka tare da ita, ta isa har ta yi yawa, don ɗinkin nan miƙaƙƙen layi ne daga farko har ƙarshe. Wurin sayen ƙyalle ake tafka asara, kuma ba ranar sayen ake ganewa ba, sai ranar wankin farko.

Bari mu fara da lissafi, don shi zai hana ki kwasar kayan da ba ki buƙata. Bargon da zai rufe babban gado ya sauko gefe kaɗan yana kai inci 80 kowane ɓangare. In kina so kowane gida, wato yanki mai kusurwa huɗu, ya fito inci 5 bayan ɗinki, sai ki yanka shi inci 5 da rabi, allura ta ci kwatan inci ta kowane gefe. Gida 16 a tsaye, 16 a kwance, 256 ke nan. Faɗin atamfa yana kai wajen inci 46, don haka yadi ɗaya zai ba ki gida 48. Kin ga turmi guda mai yadi 6 ya isa fuskar bargo har da ragowa. To amma wa ke son bargo mai launi ɗaya? Kina buƙatar zane iri 15 ko 20, ɗan kaɗan daga kowanne, alhali ɗan kasuwa ba zai yanka miki rabin yadi daga turmin atamfa mai tsada ba. A Amurka, inda wannan ɗinki ya zama babbar harka, shaguna na sayar da yanki ɗan inci 18 a 22 don masu irin aikinmu. Mu nan ba mu da wannan gata a Kantin Kwari, turmi ne ko bandir.

Shi ya sa ni kam buhun tela na fi so, kuma ba zan ɓoye ba.

Ki samu telan mata wanda masu hali ke kai wa ɗinki. Kada ki je masa ana saura mako biyu Sallah, lokacin ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ki bari sai an yi kwana goma da saukowa daga Idi, sa'ad da ƙarƙashin teburinsa ya cika da yanke-yanke ya rasa inda zai sa ƙafa. Ni haka nake yi da wanda ke bakin layinmu. In na ce, "Malam, a tara mini na atamfa kawai, ban da leshi," sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke da masu cusa matashi kuna neman ku hana ni shara." Abin da nake ba shi a buhu bai kai kuɗin yadi biyu na atamfa matsakaiciya ba, amma in na zazzage a tabarma sai in tsinci Sufa, in tsinci Holan, in tsinci Kodebuwa, launi ya fi talatin. Wani ƙyallen bai fi tafin hannu ba, wani yankan hannun riga ne mai tsayi da zai ba da gida uku. Kusan rabin buhun tarkace ne, na yarda, kuma sai kin zauna kin tsince kamar mai tsintar shinkafa. Amma tsintar nan ita ce rabin daɗin abin a wurina.

Abu ɗaya da nake kiyayewa: ƙyallen da ya kai a yi ɗankwali ko rigar jariri ba na tela ba ne, na mai ɗinki ne. In na ga irinsa a buhu nakan mayar, in ce a tambayi mai shi. Ba na son in lulluɓa da hakkin wata.

Kusa da buhun tela sai akwatin gida. Ragowar ankon biki, zanen da ya yi miki kaɗan, tsofaffin zannuwan Inna da aka daina ɗaurawa. Waɗannan sun fi sabon turmi ta fuska ɗaya da babu mai musu: sun sha wanki, sun gama tsukewa, in masu zuba ne sun gama zubarsu. Sai dai ki ɗaga zanen ki duba shi a rana. Inda aka saba zama a kai da inda ake soke ɗauri sukan yi shara-shara, ki yanke su ki yar, ki ɗauki gefe da gefe. Akwai wani zanen goggona tun zamanin da masaƙun Kaduna irin su UNTL ke aiki ba dare ba rana, gida tara kacal na samu daga cikinsa, na jera su a tsakiyar bargon 'yata.

In kuwa dole sai sabo za ki saya, ga yadda nake ganinsu. Holan ta kamfanin Vlisco, wanda ke garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846, ita ce uwa. Audugarta a matse take, almakashi na bi ta ciki ba ta zarewa, guga ɗaya ta kwanta, launin kuma ciki da waje ɗaya ne saboda da kakin zuma ko ƙaro ake tare zanen kafin a tsoma a rini. Sufa ta fi ta laushi da santsi. Amma a yayyanka sabon turmin Sufa gida-gida, wannan sai wadda kuɗi suka yi wa yawa. Abin da za a iya shi ne ku haɗu ku shida, kowa ta sayi turmi ɗaya na matsakaiciyar atamfa, ku raba yadi-yadi, kowa ta tashi da launi shida. A wannan matakin Uniwax ta Abijan, wadda muke kira Kodebuwa, da GTP ta Gana duk sun yi, dama 'yan gida ɗaya ne da Vlisco. Ko Hitarget ta Sin ba ni da faɗa da ita, don da sunanta ta zo, ba ta ari na wani ba, kuma ta auduga a cikinta tana ɗinkuwa lafiya.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Shadda ƙyallinta na bugu da sitati ne, bargo kuwa wanki yake sha, in ƙyallin ya tafi kin biya kuɗin abin da babu. Ga shi tana zamewa a ƙarƙashin keke. Leshi ramuka ne. Matiriyal mai jan roba yana miƙewa ya karkatar da layi gaba ɗaya. Saƙi yana da kyau amma da kin yanka yake warwarewa, ki bar shi a gefen bargo a matsayin ado. Rinin baba irin na Ƙofar Mata ina ƙaunarsa, sai dai shuɗinsa na goguwa a jikin duk abin da ya raɓa, don haka ko dai ki yi bargon duka da shuɗi, ko ki haƙura. Rigunan maza na gwanjo, irin waɗanda ake zubewa a Ƙofar Wambai, su kam ba laifi in kin duba takardar wuya kin ga auduga ce ɗari bisa ɗari. Bayan riga ɗaya na ba da gida da yawa, kuma ƙananan layukansu na hutar da ido a tsakanin manyan furannin atamfa.

Yanzu ga inda aka ƙone ni, kuma a nan zan daɗe.

Shekaru kaɗan baya na yi wata huɗu ina haɗa bargo don auren ƙanwata, fari da ruwan madara da ɗan ruwan ƙasa. Na ga yana neman ja ko kaɗan ne ya farfaɗo da shi. Na shiga wani shago, yaron shagon ya zaro mini turmi ja mai tambari da takarda mai sheƙi, kuɗinsa bai kai sulusin na Holan ba. Na ce, "Anya kuwa?" Ya ce, "Hajiya, wallahi asali ce, ragowar kaya ce muke so mu rabu da ita, ba ta zuba ko kaɗan." Kwaɗayin araha ya rufe mini ido. Ban wanke ba, don sauri nake, na yanka gida 24 na watsa su cikin bargon. Ranar da na jiƙa shi a baho don in goge in naɗe, kafin in ɗauko sabulu ruwan ya koma kamar zoɓo. Kowane jan gida ya yi wa maƙwabtansa huɗu wanka. Na sa gishiri, na sa ruwan tsami, na ɗauraye har hannuna ya yi fari, fari dai bai dawo ba. Wai gishiri na kama launi, ni dai bai taɓa kama mini ba. Ranar kai kaya bargon kanti na saya mata.

Tun daga nan babu ƙyallen da ke shiga bargona sai ya ci jarrabawa, ko daga lefen wa ya fito.

Ta farko tun a shago ake yin ta. Ki juya atamfar ki dubi bayanta. In fuska ta yi kauri da launi baya kuma ya yi fari-fari, bugawa aka yi a sama kamar takarda, ba rini ba ne. Wannan ba haramun ba ce, akwai irinta mai kyau, amma kada a karɓi kuɗin ta rini a hannunki. Sannan ki warware yadi biyu ki dubi jijiyoyin nan da ɗigo-ɗigon da ke cikin zanen. A ta gaske, tsagewar kakin ce ke haifar da su, don haka ba sa maimaita kansu. A jabu, zana su aka yi, za ki ga jijiya iri ɗaya sak tana dawowa a kowane fure kamar an yi hatimi. Wannan dubawar ta fi duba tambari, don masu jabu sun ƙware a tambari, har takarda mai walƙiya suna bugawa. Duk da haka ki karanta rubutun bakin zane, ki gwada lambar da ke wurin da wadda ke jikin takardar da aka manna. A Holan ta gaske lambar zanen ɗaya ce a wuraren biyu. In harafi ɗaya ya sauya a sunan kamfani, ko rubutun ya yi dishi-dishi, ki ajiye.

Kada kauri ya ruɗe ki. Ki kama kusurwar turmin ki murza tsakanin yatsu kamar mai wanki. In wani farin gari ya zubo, wurin ya yi laushi har kina hango yatsanki ta ciki, sitati ne aka ɗura mata, wanki ɗaya za ta koma kamar rariya. Mai shagon da ya hana ki murzawa ya riga ya ba ki amsa.

Ta biyu a gida. Ki yanki ɗan siriri daga gefe, ki riƙe da cokali ko almakashi a tsakar gida, ki kusanta masa ashana. Auduga na ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da za ki murje ta ɓace. Roba kuwa naɗewa take tana gudun wutar, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri kamar ƙwan carbi. Atamfar roba ta cika kasuwa yanzu, launinta har ya fi na auduga ɗaukar ido, amma ba ta riƙe karin guga, dutsen guga mai zafi na iya ƙona ta, kuma a zafin watan Afrilu ba mai iya kwanciya a kanta. Babban laifinta a haɗe-haɗe shi ne ita ba ta tsukewa, audugar da ke gefenta kuwa tana tsukewa, sai bargon ya tattare ya yi ƙulu-ƙulu.

Ta uku ita ce wadda da na yi ta da ban yi kuka ba. Kofi na gilashi, ruwan ɗumi, ɗan garin sabulu, ki jefa ƙyallen tare da guntun farin yadi, ki bar su rabin awa. Ruwa ya ɗan sauya ba komai, sabuwar atamfa takan saki abin da ya yi saura a kanta. Farin yadin za ki duba. In ya ɗauki launi, ki wanke ƙyallen shi kaɗai ki sake gwadawa. In ya sake a karo na uku, ki yi tsumman goge-goge da shi. Ja, ruwan goro, shuɗi mai duhu da baƙi su ne manyan masu laifi. Kuma ƙyallen buhun tela ma bai tsira ba, don tela na ɗinka wa mai Sufa da mai jabu a teburi ɗaya. Ni ƙananan nakan zuba su cikin rigar matashi in ɗaure baki in wanke, launi-launi, don kada su zare.

Na bayan bargo kuwa akoko nake sa wa, amma sai na jiƙa shi sau biyu tukuna, don ya fi kowane yadi tsukewa. Abin da za a shimfiɗa a tsakiya ya danganta da garinku. A Kano, in ba don sanyin hunturu ba, fuska da baya sun wadatar. Mutanen Jos za su so a sa fayiba siririya ko tsohon bargo mara nauyi. Soso kada ki fara, yana marmashewa. Audugar rimi ma a bar wa matashi, don in ta jiƙe curewa take. Dama lifidin da dawakai ke sawa a hawan Sallah, wanda tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo shi, dabarar ɗaya ce da tamu, yadi biyu da cushe a tsakiya a bi da ɗinki. Bambancin kawai shi ne babu mai jefa lifidi a baho duk wata.

Bargon auren nan yana nan, ban yar ba. Ya koma ruwan hoda mai dabbare-dabbare, shi nake shimfiɗa wa yara a tsakar gida in za su ci tuwo.